Haɗa Bangon Wurin Wanka: Daga Kasuwannin Guangzhou Zuwa Gidajen Kano

Gabatarwa

A gidan Bahaushe na gargajiya wurin wanka ba ya cikin ɗakin kwana. Akan keɓe wani lungu ne a can ƙuryar gida, a kewaye shi da katanga ko zana, shi ya sa ake ce masa makewayi, ko bayan gida, ko banɗaki. Mai wanka yakan shiga da ruwansa a ƙwarya ko bokiti, da soso da sabulu. Ruwan da ya zuba sai ya bi rariya ya fita waje, abin da ya rage kuma rana ta busar da shi, domin galibi wurin ba shi da rufi.

A gidajen zamani al'amarin ya sake. Banɗaki ya shigo cikin ɗaki, har ma ya hau bene, inda rana ba ta ganinsa, iska kuma ba ta ratsa shi sosai. Kullum ruwa yana dukan bango, alhali a bayan bangon nan akwai gado, ko kabad ɗin tufafi, ko wayar lantarki, ko kuma ɗakin maƙwabci. Idan ruwan ya sami hanyar shiga, fenti zai kumbura, filasta ta riƙa zuba, fumfuna ta kama kaya, rodin da ke cikin dakin bene ya yi tsatsa. Sau da yawa daga nan ne rigima kan tashi tsakanin mai gida da ɗan haya.

Kaya masu yawa da ake gyara irin wannan bango da su, wato tayil da baho da shawa da gilashi, daga kudancin ƙasar Sin fatake suke kawo su. Wannan darasi zai bi sawun kayan daga birnin Guangzhou har zuwa Kano, sa'an nan ya bayyana yadda ake haɗa su, da kuma dalilin da ya sa ingancin aikin ya dogara a kan abin da ke ɓoye a bayan tayil.

Guangzhou da Maƙwabtanta

Guangzhou shi ne babban birnin lardin Guangdong, yana bakin Kogin Lu'ulu'u. Tsohuwar tashar ciniki ce, wadda fataken Larabawa da na Farisa suka sani tun fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma Masallacin Huaisheng da ke cikinta yana daga cikin masallatai mafi daɗewa a ƙasar Sin. Tun daga 1957 ake yin babban bikin baje kolin nan da aka fi sani da sunan Canton a birnin, sau biyu a shekara, ɗaya a watan Afrilu zuwa farkon Mayu, ɗaya kuma a watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A yanzu a unguwar Pazhou ake yin sa.

Nijeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1971, amma zirga-zirgar ƙananan 'yan kasuwa ba ta kankama ba sai wajen ƙarshen shekarun 1990, ta kuma ƙaru bayan da Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001. Fataken Afirka ta Yamma suka riƙa sauka a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli. Musulmi daga cikinsu, har da Hausawan Nijeriya da Nijar da Gana, sun fi son Xiaobei saboda abincin halal. Yawan mazauna 'yan Afirka ya ragu daga baya, musamman a lokacin annobar korona ta 2020, amma da aka buɗe iyakoki a 2023 masu saro kaya suka ci gaba da zuwa.

Ya kamata a lura cewa Guangzhou kasuwa ce da mashiga, masana'antun kuwa suna garuruwan da ke kewaye da ita. Cibiyar tayil ita ce Foshan, wadda take manne da Guangzhou ta wajen yamma, kuma tun 2010 jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya haɗa biranen biyu. Sana'ar yumɓu ta daɗe a can: a unguwar Shiwan akwai murhun gasa tukwane mai suna Nanfeng, wanda aka gina a farkon ƙarni na 16, zamanin daular Ming. Birnin Chaozhou da ke gabashin lardin ya yi suna wajen masai na tangaran da kwanon wanke hannu, garin Shuikou na yankin Kaiping ya shahara da kan famfo, Zhongshan kuma da ɗakunan wanka na gilashi. Saboda haka falke yakan sauka a Guangzhou, ya ɗauki tafinta, ya zaga waɗannan wurare, sa'an nan a tara masa kayansa a sito guda kafin a yi lodi.

Awo Kafin Saye

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai sayo kayan banɗaki daga nesa dole ne ya tafi da awon wurin a rubuce, domin abin da bai yi daidai ba babu halin mayar da shi. Alal misali, a ce wurin wanka yana da faɗin mita 1.2 da zurfin santimita 90, ana so a rufe bango uku har tsayin mita 2.1. Idan aka haɗa tsawon bangayen za a sami mita 3, a ninka da 2.1, ya ba da murabba'in mita 6.3. Akan ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, sai ya zama wajen murabba'in mita 7. Tayil mai santimita 30 da 60 yakan zo takwas a kwali, wato murabba'in mita 1.44, don haka kwali biyar ake bukata.

Wannan ƙari yana da wani amfani. A jikin kowane kwali akwai lambar gashi da lambar launi, domin tayil iri ɗaya da aka gasa a lokuta dabam-dabam yakan ɗan saɓa a launi da girma. Wanda ya sayi daidai wa daida, ranar da guda biyu suka fashe ba zai sami irinsu ba, ko da ya koma Foshan.

Abu na biyu shi ne nau'in tayil. Akwai na bango, mai sauƙin nauyi, wanda bayansa yake shan ruwa fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Akwai kuma mai tauri, wanda aka gasa da wuta mai tsanani, da ba ya shan ruwa fiye da rabin kashi ɗaya cikin 100. Ana iya bambanta su ta ɗiga ruwa a bayansu: na farko zai shanye nan da nan, a kan na biyu kuwa ruwan zai tsaya. Kamar yadda za a gani a gaba, ba iri ɗaya ake liƙa su ba. Na daɓe kuma dole ya kasance mai kaushi, saboda santsi a banɗaki ya karya tsofaffi da yawa.

Abu na uku shi ne ƙarfin ruwa. A dogayen benayen Guangzhou ruwa yana zuwa da ƙarfi, kuma don irin wannan ruwa aka ƙera manyan kawunan shawa da ake gani a kantuna. A Kano kuwa gidaje da yawa daga rijiyar burtsatse suke tura ruwa zuwa tankin sama, daga nan ya gangaro da kansa. Ana auna ƙarfin ruwa da ma'aunin da ake kira bar, kuma sai tanki ya ɗara kan shawa da mita 10 sa'an nan ake samun bar ɗaya. Tankin da ya ɗara shi da mita 3 kacal ba ya ba da ko sulusin wannan, alhali shawa iri-iri suna bukatar bar ɗaya ko fiye. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai kafa shawa mai tsada ya tarar ruwa yana ɗiga kamar hawaye, sai ya sayi injin ƙara ƙarfi ko ya koma wa bokitinsa.

Haka ma batun baho. Wanda aka saba gani tsawonsa santimita 150 zuwa 170 ne, faɗinsa 70 zuwa 75, kuma yana cin ruwa lita 150 ko fiye, wato kusan bokiti goma. Mutane da yawa a ƙasar Hausa ba su saba da kwanciya cikin ruwa ba, sun fi son mai gudana, musamman wajen wankan tsarki. Saboda haka gidaje da dama sun fi zaɓar shawa, tare da ƙaramin famfo a ƙasa don tarar bokiti da buta. Game da gilashi kuwa, mai tauri ne ake sa wa wurin wanka, mai kaurin milimita 6 zuwa 10, wanda in ya fashe yake dagargajewa ƙanana ba tare da kaifi mai yawa ba. Irin wannan gilashi ba ya yankuwa bayan an gasa shi. Idan awo ya kuskure da santimita biyu, an yi asarar gilashin ke nan.

Hanyar Kaya

Tayil kaya ne mai nauyi. Murabba'in mita guda na mai tauri yakan kai kilo 20, shi ya sa ake loda shi a ƙaramar kwantena mai ƙafa 20, wadda take kai iyakar nauyinta, wajen tan 27, tun kafin cikinta ya cika. Baho da allunan roba kuwa ba su da nauyi, amma suna cin wuri. Masu ƙaramin jari sukan haɗa kayansu a kwantena guda su raba kuɗin dako. Jirgin ruwa yana tashi daga tashar Nansha ko Huangpu, ya yi wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi kafin ya isa Legas, sa'an nan tirela ta yi tafiyar kilomita dubu ko fiye zuwa Kano. A watan Janairu na 2023 an ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, domin a riƙa kammala aikin kwastam a Kano. A ƙarshe kayan sukan bazu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Dei-Dei a Abuja.

Ba duk tayil ɗin da ke waɗannan kasuwanni ne ya tsallako teku ba. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa tayil cikin jerin kayayyaki 41 da ya daina ba masu shigo da su kuɗin waje, kuma bai janye wannan mataki ba sai a watan Oktoba na 2023. A tsakanin nan masana'antun cikin gida suka bunƙasa, kamar na Ajaokuta a jihar Kogi, da na yankin ciniki na Ogun-Guangdong da ke Igbesa a jihar Ogun. Amma kan famfo da shawa da baho da gilashi har yanzu daga Sin ake kawo kaso mai yawa nasu.

Shirya Bango

Idan kaya sun iso, mutum uku ne suke da hannu a aikin: mai aikin famfo, da birkila, da mai sa tayil. Mai aikin famfo ne yake fara shiga. Zai tsaga bulo ya binne bututu, na ruwan zafi a hagu, na sanyi a dama, da tazarar santimita 15 a tsakaninsu, domin haka aka ƙera yawancin kawunan da ke gauraya ruwa. A wannan mataki ne mai gida yake faɗin inda yake so masai ya fuskanta, saboda Musulmi da yawa suna guje wa fuskantar alƙibla ko ba ta baya. Kafin a rufe bututun sai an toshe bakunansu, an sake musu ruwa, an bi kowace mahaɗa da ido da hannu. Yoyon da aka gano a ranar kuɗin gyaransa kaɗan ne, wanda aka gano bayan an sa tayil kuwa sai an fasa bango.

Daga nan birkila zai yi filasta. Ana so bango ya miƙe sak, kusurwoyi su daidaita, don haka yakan duba da igiya da ma'aunin daidaito. Idan bango ya karkace, baho ba zai zauna ba, ƙofar gilashi kuma ba za ta rufu ba. Ana barin filasta ta yi mako biyu zuwa huɗu, tunda siminti sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. A nan yanayin garuruwan biyu ya bambanta. Guangzhou tana samun kusan ninki biyu na ruwan saman Kano, kuma a ƙarshen sanyi har gumi bangayenta suke yi saboda laima, don haka damuwar magininta ita ce jinkirin bushewa. A Kano kuwa, lokacin hunturu da bazara, siminti yana bushewa da wuri fiye da kima har ya tsattsage, sai an riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma a kwanakin farko.

Daɓen ƙasa kuma ana karkata shi zuwa bakin magudana da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Wannan yana da muhimmanci ga mai kiyaye tsarki, domin ruwan da ya kwanta a banɗaki yana fallatsa wa tufafi. A ƙarƙashin magudanar akwai lanƙwasa mai riƙe ruwa kimanin santimita 5, wadda take tare wari da kyankyasai.

Maganin Hana Yoyo

Mutane da yawa suna zaton tayil ne yake hana ruwa shiga bango. Fuskar tayil dai ba ta shan ruwa, amma tsakanin kowane biyu akwai layi, kuma abin da ake cike layin da shi dangin siminti ne, yana tsotsar ruwa, yana kuma tsagewa idan ya daɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka kafin a sa tayil akan shafe bango da daɓe da wani magani mai kauri, wanda ake haɗawa da garin siminti da ruwan roba, in ya bushe ya zama kamar fata.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga maginan Hausa. Tun kafin zuwan siminti suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, suna kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Da laso ake shafe rufin soro da cikin rijiyoyin rini don kada ruwa ya ratsa. Maganin zamani aikin laso yake yi, sai dai shi ana ɓoye shi ne a ƙarƙashin tayil.

Ana share bango tsaf, a ɗan jiƙa shi, sa'an nan a fara da wuraren da suka fi rauni, wato kusurwoyi, da inda bango ya haɗu da daɓe, da kewayen bututu da magudana. A waɗannan wurare akan shimfiɗa ƙyalle na musamman a cikin maganin don ƙarin ƙarfi. Bayan haka a shafa sau biyu, na farko a kwance, na biyu a tsaye bayan na farko ya sha iska, har kaurin ya kai kimanin milimita ɗaya da rabi. A aikin gini na ƙasar Sin, bangon da shawa take duka ana shafe shi har tsayin mita 1.8 zuwa 2, sauran bangayen kuma aƙalla santimita 25 zuwa 30 daga ƙasa.

Idan maganin ya bushe sai a yi gwaji. Za a toshe magudana, a yi ɗan shinge a bakin ƙofa, a cika daɓen da ruwa mai zurfin santimita 2 ko fiye, a yi alama a jikin bango, a bar shi awa 24 zuwa 48. Daga nan a duba ko ruwan ya ragu, a leƙa bayan bango, in kuma a bene ne a sauka a duba silin na ƙasa. A biranen Sin, inda iyalai suke zaune wani a kan wani, mai gida yakan ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa na ƙasa ƙofa su duba tare. Wannan gwaji ba ya cin komai sai ruwa da haƙurin kwana biyu, amma shi ne aka fi tsallakewa idan ana gaggawar tarewa. Sauri kuwa ya haifi nawa.

Girka Baho da Rufe Bango

Idan akwai baho, shi ake fara girkawa kafin tayil ɗin da ke samansa. Ana daidaita ƙafafunsa da ma'auni, a tallafe gindinsa da bulo ko kwaɓin siminti don kada ya lotsa in an shiga, a haɗa magudanarsa a gwada ta. Tayil zai sauko ne a kan leɓen baho, yadda ruwan da ya gangaro daga bango zai faɗa ciki maimakon ya zurara ta baya. A gefen da magudana take akan bar 'yar ƙofa da za a iya buɗewa ranar gyara.

Mai sa tayil ba ya farawa daga daɓe. Yakan ja layi madaidaici a tsayin tayil guda, ya kafa katako a kai, ya fara jerawa daga nan zuwa sama, sahun ƙasa kuma sai a ƙarshe. Yakan kuma tsara jerin tun daga tsakiyar bango, don kada siririn yanki ya faɗo a wurin da ido yake fara sauka. Tayil mai shan ruwa ana jiƙa shi tukuna idan da kwaɓin siminti za a liƙa, in ba haka ba zai tsotse ruwan kwaɓin ya bar shi ba ƙarfi. Mai tauri kuwa ba a jiƙa shi, kuma siminti zalla ba ya riƙe shi da kyau, sai garin gam na musamman, wanda ake shafawa da cokali mai haƙora. Dole ne gam ya game bayan tayil duka. Wasu masu aiki sukan ɗiga shi a kusurwa huɗu da tsakiya don tsimi, sai a sami kogo a baya inda ruwa yake taruwa. Ana gane haka ta ƙwanƙwasawa, domin wurin yakan yi amo kamar ganga. Tsakanin tayil da tayil ana barin milimita 2 zuwa 3 ta hanyar sa 'yan robobi masu kama da alamar tarawa.

Akwai kuma masu rufe bango da manyan alluna na roba mai ƙarfi, irin su akirilik, maimakon tayil. Amfaninsu shi ne ƙarancin layi da saurin aiki. Ana gwada kowane allo a wurinsa tukuna, a auna inda bututu zai fito a huda, a shafa gam ɗin da ba ya cin roba, a manna a danne. Ana fara sa na baya, sa'an nan na gefe, a bar 'yar tazara a kusurwa domin roba tana miƙewa da zafi. Sai dai allo yana bin siffar bango, don haka bangon da bai miƙe ba zai nuna kansa.

Bayan awa 24 sai a cike layukan tayil. Amma kusurwoyi, da inda tayil ya haɗu da baho ko gilashi, silikon ake sa musu, saboda wuraren suna ɗan motsi, siminti kuwa ba ya jure motsi. Gwanaye sukan cika baho da ruwa kafin su sa silikon, su bar ruwan har ya bushe, domin nauyin ruwa yana buɗe tazarar iyakar buɗewarta. Idan an sa shi baho yana wofi, ranar wankan farko zai iya yagewa. Ƙofar gilashi ita ce ta ƙarshe, kuma in za a sa hita dole a haɗa mata wayar ƙasa, a nisanta makunninta daga ruwa. A bar wurin kwana ɗaya ko biyu kafin a fara wanka.

Kammalawa

A kantunan Foshan mai saye yana zaɓar launi da zane da sheƙi, kuma waɗannan su ne baƙo yake yabawa. Kuɗin maganin hana yoyo da gam mai kyau da silikon kaɗan ne idan aka kwatanta da na tayil da dakonsa daga Guangzhou, amma a kansu ne aka fi yin tsimi, tunda ba a ganinsu. Mai gidan da ya san matakan aikin zai tsaya a kan abu uku: a gwada bututu kafin a rufe, a gwada daɓe kafin a sa tayil, a kuma ba kowane mataki lokacin bushewarsa. Bayan an tare, sai a riƙa buɗe taga, a sabunta silikon idan ya yi baƙi ko ya ɓamɓare, a kuma ajiye ragowar tayil a sito. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Ma'anar Wasu Kalmomi

makewayi: wurin da aka keɓe don wanka da biyan bukata
rariya: kafar da ruwa yake bi ya fita daga gida
falke (jam'i: fatake): ɗan kasuwa mai tafiya nesa don saro kaya
tafinta: mai fassara magana tsakanin mutum biyu
sito: ɗakin ajiyar kaya
birkila: magini mai aiki da bulo da siminti
daɓe: ƙasan ɗaki da aka gyara ya yi tauri
laima: danshin da ke cikin iska ko ƙasa
fumfuna: baƙi ko koren abin da yake tsirowa a wuri mai danshi
yoyo: zubar ruwa ta wata 'yar kafa
katsi: abin da yake kwanta a gindin rijiyar rini
tsimi: rage kashe kuɗi ko kaya
tarewa: komawa sabon gida da zama

Tambayoyi

1. Me ya sa bangon banɗakin zamani ya fi na gargajiya bukatar kariya daga ruwa?
2. Waɗanne kaya ake samu a Foshan, da Chaozhou, da Shuikou?
3. Don me ake ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awon tayil?
4. Wace matsala mai tankin sama zai iya samu da shawar da ya sayo daga Guangzhou?
5. Mene ne laso, kuma ta yaya ya yi kama da maganin hana yoyo?
6. Bayyana yadda ake gwajin daɓe da ruwa.
7. Me ya sa ake cika baho da ruwa kafin a sa silikon?

Aiki

(a) Nemo karin magana guda huɗu da suka zo a cikin darasin, ka bayyana ma'anar kowanne, sa'an nan ka sa shi a jimla taka.
(b) Fitar da jimloli biyar masu ɗauke da "akan" ko "yakan" ko "sukan", ka mayar da su korarru.
(c) Rubuta hira ta layi goma tsakanin wani Alhaji da ya je saro tayil da tafintansa a wani kanti a Foshan.